Manomin da Ya Ƙi Gwada Irinsa

Ranar Lahadin da ta wuce, muna gab da tashi daga ajin nazarin Littafi Mai Tsarki a coci, ɗan'uwa Filibus mai gyaran babur ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in mutum ya cuci wani amma bai sani ba, Allah zai kama shi?" Na yi saurin cewa a'a, domin an riga an kaɗa ƙararrawar shiga sujada, kowa ya miƙe. Amma tun daga bakin ƙofa amsar ta tsaya mini a wuya. Mako guda ina juya ta, har a kan abinci. Ga abin da ya kamata in faɗa masa. Na sa shi cikin misali don ya fi zama a kai.

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye, wanda aka san gidansa da irin dawa mai kyau. Kowace kaka yakan zaɓi manyan zangarniyoyi, ya sussuke su dabam, ya cuɗa ƙwayar da toka saboda ƙwari, ya zuba a tuluna biyu, ya liƙe bakinsu da laka. Tulu ɗaya na gonarsa ne. Ɗayan kuwa na musaya ne, domin duk wanda ya rasa iri, ƙofar mutumin nan yakan zo.

Mutanen ƙauyen suna da doka tun daga kakanni. Dokar ta ce duk wanda ya ba maƙwabcinsa mataccen iri yana sane, girbinsa na shekarar ya zama na maƙwabcin. Suna kuma da al'ada, cewa mai bayarwa ne ke gwada iri, mai karɓa ba ya gwadawa. In ka karɓi iri a hannun maƙwabci ka je gida ka gwada, daidai yake da ka kira shi maƙaryaci a tsakiyar kasuwa. Gwajin kuwa ba wuya. A ɗebi ƙwaya ashirin, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a sa a ƙwarya, a rufe da faifai. Kwana uku sai ka ga fararen saiwoyi sun leƙo. In ba su leƙo ba, iri ya mutu, sai a kai shi turmi a yi tuwo.

Wata shekara da rani, da tsakar rana, wuta ta kama jinkar ɗakin girki a gidan manomin. Maƙwabta suka taru suka kashe ta kafin ta tsallaka rumbu. Tulunan iri biyu suna cikin ɗakin. Ɗaya yana bakin ƙofa, aka fitar da shi tun wutar ba ta yi ƙarfi ba. Ɗayan yana can ƙurya jikin bango, jinka ta rufto kansa tana ci har ta cinye.

Washegari matarsa, wadda ake kira Barmani, ta ce masa, "Maigida, tulun nan na ƙurya ya sha wuta. Na taɓa shi da safen nan, har yanzu da ɗumi."

Ya fasa lakar bakin, ya zura hannu ya ɗebo. Ƙwayar tana nan ja, cikakkiya, ba ƙuna ba wari. Ya ce, "Tulu ne ya sha wuta. Ga dawa nan lafiya lau."

Ta ce, "Ido ba ya ganin cikin ƙwaya. Ka jiƙa tsumma mana."

Ya ce, "Zan jiƙa."

Da bazara ta kusa, gajimare suka fara haɗuwa a gabas, sai ya ƙirga ƙwaya ashirin daga tulun ƙurya. Ya yagi tsumma, ya kawo ruwa a ƙwarya, ya zauna a inuwar rumbu. Ya ɗaga tsumman zai tsoma, sai hannunsa ya tsaya. Ya ce a ransa, "In na jiƙa, nan da kwana uku zan sani. In ya tsira, ban ƙaru da komai ba, tulun da nake da shi ne dai. In bai tsira ba, na sani ke nan, doka ta hau kaina, tulu guda ya koma tuwon kwana biyar, ga shi bana iri ya yi wuya. Amma yau, a yadda nake zaunen nan, ban sani ba. Ba mai iya cewa na sani, ko ni kaina."

Sai ya ƙulle ƙwayoyin ashirin a cikin busasshen tsumman, ya cusa a ƙarƙashin jinkar rumbu. Ruwan kuwa ya juye wa kaji.

Bayan kwana shida aka yi ruwan shuka. Ƙasa ta jiƙu har kamu guda. Da sassafe wata gwauruwa mai suna Tabawa, wadda gonarta ke iyaka da tasa, ta zo tana jan akuya mai ciki, 'yarta Kyauta, 'yar shekara biyar, tana riƙe da gefen zanenta. Mijin Tabawa ya yi doguwar jinya kafin ya rasu, suka cinye komai a jinyar, har da irin da ya ajiye. Akuyar nan ita ce abu na ƙarshe mai numfashi a gidanta in ka cire ita da yarinyar.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ƙasa ta yi laushi, ni kuwa hannuna wayam. Ga akuya, a ba ni tulu."

Ya shiga ya ɗauko tulun ƙurya ya ajiye a gabanta. Ya ce, "Ga shi nan dai, yadda kika gan shi."

Ta yi dariya ta ce, "Irin gidan nan ai ba a dubawa. Marigayi yakan ce dawarka ko a kan dutse ta faɗi sai ta nemi hanya."

Barmani tana tsaye a bakin turmi. Ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi akuya. Tabawa ta ɗora tulu a ka ta tafi. A ranar ta saɓa sungumi ta shuke gonarta kaf, tana sara, yarinyar tana bin ta tana jefa ƙwaya tana takewa da 'yar ƙafarta. Manomin ma ya shuka tasa gonar a ranar, daga tulun bakin ƙofa.

Daga nan ruwa ya ɗauke har kwana tara. Da ya dawo, gonar manomin ta yi kore layi-layi. Gonaki biyu a ƙauyen suka fito da giɓi nan da can, masu su suka cike. Gonar Tabawa kuwa ba abin da ya fito sai ciyawa da tsiro ɗaya-ɗaya da za ka iya ƙirgawa kana tsaye. Ta jira mako guda, ta ƙara wani, tana cewa ƙila nata mai nauyin tashi ne. Da ta tona ramukan, ta tarar da ƙwaya ta ruɓe. Ta zaga gari neman wani iri, kowa ya riga ya zuba nasa a ƙasa. Ɗan abin da aka tattara mata ta shuka a makare, bai kai ga fitar da kai ba ruwa ya janye.

Sai ta kai ƙara wurin mai gari. Aka taru a gindin tsamiya da hantsi, dattawa a kan tabarmi, sauran jama'a a tsaye.

Mai gari ya tambayi manomin, "Ka san irin nan ya mutu lokacin da ka ba ta?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba."

"Tulun ba shi ne wanda gobara ta rufe ba?"

"Shi ne. Wuta ta ci jinka, ba ta fasa tulu ba. Na duba ƙwayar da idona, ja ce, cikakkiya."

"Ka gwada?"

"Ban gwada ba."

Jama'a suka ɗau gunaguni. Mai gari ya ɗaga hannu, ya ce, "Don me?"

Manomin ya ce, "Ranka ya daɗe, dokar ba ta ce a gwada ba. Ta ce kada a bayar ana sane. Ni kuwa ban sani ba. Har yanzun nan ban sani ba. Ruwa ya ɗauke kwana tara, kowa shaida ne. Fakara da ɓeraye suna tono. Gonaki biyu ma sun yi giɓi, ba kuwa ni na ba su iri ba."

Wani tsoho ya ce, "To don me ka shuka na bakin ƙofa, ka ba ta na ƙurya?"

Ya ce, "Tuluna biyu ne, Baba. Dole in shuka ɗaya in ba da ɗaya."

Aka kawo abin rantsuwa, ya rantse bai sani ba, muryarsa ba ta yi rawa ba, gama ba ƙarya ya yi ba. Sa'an nan mai gari ya ce, "Kakanninmu ba su ce a gwada ba, domin ba su taɓa zaton za a haifi wanda ba zai gwada ba. Amma ni abin da suka faɗa aka ba ni in riƙe, ba abin da suka yi zato ba. Ba shaidar cewa ya sani. Girbinsa nasa ne. Daga yau kuma, wanda ya ba da iri bai gwada ba, doka ta hau shi."

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, daga yau? Ni gonata ta jiya ce. Ni ban sani ba, shi bai sani ba, kai ma ba ka sani ba. To yarinyar nan rashin sani za ta ci da rani?"

Aka watse.

Da kaka manomin ya cika rumbunsa har ya gina wani. Barmani ta ce masa, "Ka sa a kai wa Tabawa dami biyar. Ba za mu ji ba."

Ya ce, "In na aika mata ko zangarniya ɗaya, gobe gari zai ce na amsa laifi. An wanke ni a gaban jama'a. Kina so in je in shafa wa kaina baƙi da hannuna?"

Ta ce, "To ka mayar mata da akuyarta."

Ya ce, "Duk ɗaya ne."

Barmani takan ɓoye malmalar tuwo a zane ta kai, in ta sami hanya. Maƙwabta ma suka taimaka da abin da suke iyawa, amma shekarar ba ta yi wa kowa yalwa ba, kwano kuma in ya yi ta zuwa gida ɗaya, hannu yakan gaji. Tabawa ta yi surfe a gidajen mutane, ana ba ta dusa. Da damina ta sake zagayowa, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ita da yarinyar suka koma ganyen tafasa. Zazzaɓin da yara suke yi su tashi, shi ya sami Kyauta ba ƙarfi a jikinta. Kwana huɗu ta yi.

Bisa ga al'ada, mazan unguwa suka fito da fartanya don haƙa kabari. Manomin ma ya fito da tasa. Wani ya tare shi ya ce ya koma gida. Tabawa tana zaune a ƙasa, ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Ku bar shi ya haƙa. Ai ya iya sa abu a ƙasa wanda ba zai fito ba."

Bayan kwana bakwai ta ɗaure kayanta ta bar garin. Gonarta ta koma saura. Kowace safiya sai manomin ya bi ta gefenta kafin ya kai tasa. Akuyar ta haifi biyu, biyun suka haihu, har suka zama garke, yana jin kukansu a bayan ɗakinsa. Duk shekara in za a sake jinkar rumbu, yakan riga kowa zuwa ya zare ƙullin tsumman nan, in an gama ya mayar. Bai jefar ba, bai kuma kwance ba.

A shekara ta bakwai ciwo ya kwantar da shi, ya gane ba zai ga wata kaka ba. Ya ce wa Barmani ta ɗauko masa ƙullin da ƙwarya da ruwa. Ya jiƙa tsumman da hannunsa, ya rufe da faifai, ya sa a gefen shimfiɗarsa. Ya ce, "In ya tsira, fari ne ya kashe gonar, in mutu da sauƙi. In bai tsira ba, ni ne, in san abin da zan roƙi gafara a kai."

Kwana uku ya buɗe, ba komai. Ya ƙara ruwa. Kwana biyar, ba komai. A rana ta bakwai ƙwayoyin suka yi fumfuna. Ya kira matarsa ya ce, "Yanzu na sani. Ni na kashe yarinyar nan."

Barmani ta dubi ƙwaryar, ta ce, "Ba ka san komai ba, maigida. Dawar da ta shekara bakwai a tsumma, zafi da raɓa suna bi ta kanta, ko wuta ba ta taɓa ganinta ba, ba za ta tsira ba. Ran da na ce ka jiƙa, kwana uku kawai take nema ta gaya maka gaskiya. Yanzu ba ta da abin faɗa."

Ya aika a nemo Tabawa. Manzon ya yi kwana goma ya dawo, ya ce a garin danginta an ce ta wuce gaba tun da daɗewa, ba wanda ya san inda ta nufa. Manomin ya mutu kafin ruwan shuka, ƙwaryar tana gefensa.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ga ta.

Manomin nan ni ne, kai ne, ke ce. Tulun ƙurya shi ne duk wani abu a hannunmu da zuciyarmu ta ɗarsa a kansa, muka ce mata ta yi shiru. Tsumma da ruwa su ne 'yar tambayar da za ta warware zancen, wadda ba ta fi ƙarfinmu ba, muka ƙi yi. Tabawa da 'yarta kuwa su ne mutanen da suka amince da mu har ba sa duba abin da muka miƙa musu.

Filibus, ka tambaya ko Allah zai kama wanda bai sani ba. Rashin sani ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya faɗo wa mutum, kamar na Tabawa. Ba ta da hanyar sani, al'ada ma ta ɗaure mata hannu. Akwai kuma wanda mutum ya gina da kansa, ya yi masa jinka, ya shiga ya zauna. Ku lura, manomin nan ya sha wahala kafin ya kai ga rashin saninsa. Sai da ya ƙirga ƙwaya, ya yagi tsumma, ya ɗebo ruwa, ya zauna ya auna riba da hasara, sa'an nan ya zaɓi duhu. Wanda bai san komai ba ba ya yin wannan dogon tunani. Tsohon nan na gindin tsamiya ya kusa kama shi. Bakin manomin ya ce bai sani ba, amma da za a shuka gonarsa, hannunsa bai yi kuskuren tulu ba.

Da muke makaranta an koya mana cewa kafin a hukunta mutum a kan babban laifi, sai an nuna abu biyu, abin da hannunsa ya yi da abin da ke ransa sa'ad da yake yi. Na ji daɗin wannan darasi ƙwarai, har yanzu kuma ina ganin adalci ne. Kada kowa ya fita nan ya ce na zagi mai gari. Mutumin ya yi daidai da abin da aka danƙa masa. In alƙali ya fara hukunta mutane bisa ga abin da yake zato yana zuciyarsu, gobe ba wanda zai tsira, marar laifi ma zai tafi. Doka tana aiki da abin da za a iya kawo shaida a kai. Iyakarta ke nan, ba laifinta ba ne. Laifin namu ne, da muka ɗauki iyakar doka muka mai da ita iyakar lamirinmu. Mai gari ya toshe ramin da sabuwar doka, ya kyauta. Amma ina tabbatar muku, a shekara ta gaba wani zai jiƙa tsumman, ya ƙi buɗe faifan, ya ce doka ta ce a gwada, ba ta ce a duba ba. Ba a taɓa ƙera dokar da mai son zamewa zai rasa ƙofa a jikinta ba.

Wani zai ce, "To Malam, in fa irin lafiyayye ne? In fari ne da fakara suka cinye gonar?" Na yarda, mai yiwuwa ne. Da gangan ban faɗa muku ba, ni ma da na tsara misalin ban yanke ba. Amma a ce ma lafiyayye ne. Me ya canja? A ranar da ya juye ruwan nan wa kaji, ya riga ya yarda a ransa cewa in iri matacce ne, to gwauruwa ta ɗauki hasarar, shi dai ya sami akuya. Zunubin a nan ya cika, tun ba a yi ruwan shuka ba. Abin da ya biyo baya, ko ya tsira ko bai tsira ba, wannan sa'a ce. Sa'a kuwa ba ta mai da mugu adali.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin ma ba gobarar ba ce, ba kuma shari'ar ba. Dami biyar ɗin nan ne. Rumbu biyu cike, yarinya tana cin tafasa a ƙetaren iyakarsa, ya kasa miƙa hannu, domin jinƙai zai ɓata masa wankin da aka yi masa. Ya zama mai gadin rashin laifinsa, dare da rana, har abin ya ci ran mutum. Da ya ce, "Ban tabbata ba, amma mai yiwuwa ni ne, ga hatsi," da Kyauta ta yi aure ta haifi 'ya'ya.

Mu dawo gida. An kawo maka waya a tasha, sabuwa fil, a kuɗin da bai kai na murfinta ba. Ba ka tambayi daga ina ba, domin ka san in ka tambaya ba za ka iya saya ba. Ke mai shagon magani, akwai kwalin da ya daɗe a can ƙasan kanta, kina miƙa wa masu jinya kina kau da ido daga kwanan watan da ke jikinsa. Filibus, kai ka jawo zancen, sai ka haƙura: babur ya zo, ka ji birkin da wata 'yar ƙara, mai shi yana sauri, ka gyara abin da ya ce kawai, ba ka kwance ka duba ba, ka ce ai bai tambaye ka birki ba. Wannan babur goyo zai ɗauka, ƙila mace mai ciki. Matasa kuma, dattawan ikilisiya sun ce a yi gwajin jini kafin a sa ranar aure, wasunku suna ta ja da baya, wai kada sakamako ya raba ku. Yaron da za a haifa da ciwon da zai riƙa murɗa masa ƙashi duk rayuwarsa, shi ne zai shuka abin da kuka ƙi gwadawa. Akwai ma wanda kukan matar maƙwabcinsa ke tsallako katanga, sai ya ƙara muryar rediyo, don in an tambaye shi ya ce shi bai ji komai ba. Duk cikinmu nan ba wanda kotu za ta kama. Kowa zai rantse, muryarsa ba za ta yi rawa ba.

Amma Ubangiji ba mai gari ba ne. Ba ya bukatar shaidu, gama yana nan a inuwar rumbu sa'ad da hannunka ya tsaya. Ba zai tsaya a kan "Ka sani?" ba. Zai ce, "Na ba ka ruwa, na ba ka tsumma, na sa mutum a gidanka ya ce ka jiƙa. Me ka yi da su?" A ranar, "ban sani ba" ba za ta zama mafaka ba, ita ce ma ƙarar da za a karanta.

Ban ce ƙofar alheri a rufe take ba. Almasihu yana karɓar wanda ya zo ya ce, "Na ƙi dubawa, domin na ji tsoron abin da zan gani." Wannan ma tuba ce, ba sai ka san ƙarshen lissafin ɓarnarka ba. Kuskuren manomin na ƙarshe shi ne, har a kan shimfiɗar mutuwa yana jiran ƙwaya ta gaya masa ko yana da laifi, alhali laifin yana cikin busasshen tsumman tun ranar farko. Amma ku sani, gafara ba za ta tayar da Kyauta ta mayar wa uwarta ba. Gaskiya kuma tana da lokacinta kamar shuka. Akwai ranar da kwana uku za su ishe ka ka sani, ka gyara, ba wanda ya mutu. In ta wuce, ko ka jiƙa tsumman da hawayenka, fumfuna za ka samu.

Saboda haka ba zan ba ku aya ta haddacewa a wannan mako ba. Aikin gida ɗaya ne. Tun ina magana, na san akwai ƙullin da ya faɗo wa kowa a rai, ka san inda ka cusa shi. In an tashi sujada, kafin ka ci abinci, ka je ka zaro shi, ka ɗebo ruwa. Mai akuya tana hanya.